Bol da Noti na Itace: Littafin Aikin Taf da Dayis a Wani Shagon Agege

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Kayan aiki biyu nake son haɗawa da hannuna: taf da zai yanka tiredi, wato haƙoran da ke zagaye bol da cikin noti, a cikin rami, da dayis da zai yanka shi a jikin sanda, dukansu don itace. In sun yi, zan riƙa fitar da manyan bol da noti na itace zalla, irin na bayis ɗin bencin kafinta, wanda ke riƙe katako a matse, da na abin matsa. Dalilina ba mai nisa ba ne. Bayis na ƙarfe mai kyau daga waje ake kawo shi, kuɗinsa kuma bin dala yake yi. Ban da haka, duk wanda ya zauna a Legas ya san abin da iskar garin nan ke yi wa ƙarfe; ka goge shi yau, mako bai zagayo ba ya ja tsatsa. Bol na itace ba ruwansa da tsatsa, ba ya baƙanta katakon da ka matse, kuma tun da haƙoransa manya ne, juyi kaɗan bakin bayis ya wage.

Ga awon da na tsayar. Kaurin bol inci 2 da rabi. Tazara daga haƙori zuwa haƙori rabin inci, wato haƙori 2 a kowane inci. Kusurwar haƙori digiri 90. Bol ɗin ƙarfe da makanikai ke ɗaurawa kullum kusurwarsa digiri 60 ce, tsohon ma'aunin Ingila da Joseph Whitworth ya fitar a 1841 kuwa 55. Itace ba ya son irin wannan tsini a babban bol. Jijiyar itace a tsaye take bin tsawon sanda, tiredi kuma a kwance yake ratsa ta, saboda haka kowane haƙori guntayen jijiyoyi ne a jere. In ya yi siriri da tsawo, matsa ɗaya sai ya ɓantare. Digiri 90 na ba shi faffaɗan gindi. Lissafinsa ma ya fi sauƙi: zurfin haƙori rabin tazararsa ne, kwatan inci ke nan. Cire kwata ta nan, kwata ta can, cikin bol ya rage inci 2 cif, kuma shi ne faɗin ramin da za a huda wa noti.

Taf ne farko, domin cikin dayis ma tiredi ne, kuma taf ne zai yanka shi. Shi kuwa taf ɗin, da takarda da zarto ake fitar da shi. Dabarar ba ta yau ba ce. Hero, injiniyan da ya rayu a Iskandariyya ta Masar a ƙarni na farko miladiyya, ya bayyana na'urar yanka tiredi a cikin ramin itace don abin matse zaitun da inabi. Injin ɗab'in da Gutenberg ya haɗa a Jamus wajajen 1450 ma da bol na itace yake danna takarda. Ba su da lantarki, mu kuma tamu wutar zuwa take yi ta koma, to tafiyarmu ta zo ɗaya.

Lahadi, 19 ga Janairu

Jiya na wuni a kasuwar katako ta Amu, a Mushin. Obece da afara sun fita tun a bakin layi, farce ma shiga yake yi. Loko, wanda nan suke kira iroko, yana da ƙarfi, amma jijiyarsa a sarƙe take, ƙwayarsa manya, kuma wani lokaci akan ci karo da wani farin abu mai tauri a cikinsa da ke dakushe baki nan take. Maɗacin kudu bai kai namu na arewa nauyi ba. Mansoniya tana da laushin fira, sai dai ƙurarta na sa atishawa da ƙaiƙayi, har jiri ga wasu. Abin da ya kwanta mini a rai shi ne danta don bol, saboda ƙwayarsa ƙanana ce kuma a matse, sai kawo, wato apa a bakin Yarbawa, don noti da jikin dayis. Kawo na cikin itatuwan da ba su cika motsi ba in yanayi ya juya, kuma a garin nan wannan ya fi komai.

Da a gida ne da ban wahala ba. Kanya, marke, ƙirya, ko busasshiyar tsamiya, kowanne zai riƙe haƙori.

Babbar matsalar kasuwar ita ce ɗanyen katako. Kowane mai shago zai rantse maka nasa ya bushe, ka ɗaga ka ji shi sanyi ƙalau a tafin hannu, ga nauyi. Katakon da aka tsaga watan jiya ba zai yi bol ba, ko da wane irin taf. Na sayi ɗan danta, na shafe kawunansa da narkakken kyandir don kada su tsage, na jera shi a saman rufin ciki da 'yan sanduna a tsakani. Guntu ɗaya na ware, zan riƙa ɗora shi a sikeli duk mako. Ranar da nauyinsa ya daina raguwa, ya daidaita da iskar shagon. Wanda zan fara aiki da shi yanzu kuwa wurin masu sayar da katakon rusau na samo shi: tsoffin ginshiƙan ƙofa na kawo da ƙafafun wani babban benci. Sun yi shekaru suna shan iskar Legas, duk motsin da za su yi sun gama. Lahaninsu ɓoyayyun ƙusoshi, don haka yarona ya bi su kaf da maganaɗisun tsohuwar sifika kafin zarto ya taɓa su.

Abu biyu nake dubawa a kowane guntu: jijiya ta miƙe daga kai har gindi, kuma kada zuciyar itacen ta faɗo ciki. Inda ya yiwu, faskarawa nake yi maimakon tsagawa da zarto, saboda gatari jijiya yake bi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Mai injin tona, wato injin fira mai juyawa, da ke bayan layinmu, wanda ke fere ƙafafun tebur da na gado, ya fere mini sandar taf. Da na ce masa miƙaƙƙiya nake so, babu ado ko ɗaya, sai da ya sake tambaya. Na kai masa ɗan falanki mai ramin inci 2, na ce, Oga, sandar nan ta ratsa ramin nan daga kai har ƙarshe, kada ta cije, kada ta yi lilo. Ya fi gane wannan a kan a ce masa milimita kaza.

Zanen layin shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya. Na naɗe takarda mai ƙwari a jikin sandar, na yanke ta daidai inda bakin ya haɗu da baki. Lissafi ya ce zagayen inci 2 wajen milimita 160 ne, amma naɗewar ta fi lissafin gaskiya, tun da sandar an ɗan rage mata. Na shimfiɗa takardar, na ɗiga alama kowane rabin inci a gefen hagu da gefen dama. Sai na ja layi daga alama ta farko a hagu zuwa ta biyu a dama, ta biyu zuwa ta uku, haka har ƙarshe. Da aka manna ta a sandar, ƙarshen kowane layi ya tarar da farkon na gaba, suka zama layi ɗaya mai hawa yana zagaye. In ka ga sun saɓa ko da kaurin gashi ne, ɓare ka sake, domin duk noti da duk bol da za a yanka nan gaba wannan layin za su gada.

A lura da wajen da layin ya hau. In sandar na tsaye a gabanka, layi ya hau ta dama, shi ne tiredin da ke ɗaurewa in an juya dama. Na ajiye bol ɗin mota a gefe ina kwatantawa, ya fi dogaro da tunani.

Daga nan zarto. Na ɗaura wa ruwan zarton wani siririn katako a gefe, yadda ba zai nutse ya wuce kwatan inci ba, na bi layin ina ja kaɗan, yaro na juya mini sandar. Aiki ne na natsuwa, ba a yin sa ana hira. Tsagar nan ita za ta ja taf ɗin gaba. A jikin firam ɗin da sandar za ta ratsa, na kafa guntun tsohon ruwan zarto a karkace, bakinsa a cikin tsagar. Karkatar ba ta da yawa, digiri 4 da 'yan kai. Ka juya sandar sau ɗaya, ta matsa rabin inci, ko tana so ko ba ta so.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Ƙarfen bakin, wato ɗan ƙarfen da zai ci itace a jikin taf da dayis, daga wurin 'yan gwangwan na samo shi. Mutanenmu ne ke riƙe da sana'ar a nan, kuma in ka san abin da kake nema, tsoffin magagarai ba sa wuya. Wanda bai samu a unguwa ba ya leƙa Owode Onirin ta hanyar Ikorodu. Tsohon magagari ƙarfe ne mai yawan sinadarin kabon, wajen kashi 1 cikin 100, shi ya sa yake ɗaukar kaifi. Sai dai wasu na yanzu masu araha fatarsu kawai ke da tauri, cikin laushi ne. Gwajin a kan dutsen injin wasa wuƙa ne: mai kyau tartsatsinsa yawa gare shi, yana fashewa yana rassa, na banza kuwa dogayen layuka kawai yake zubarwa.

Na kai su wurin wani dattijon maƙeri da ke gyara wa mahautan abatuwa wuƙaƙe da gatura. Ya juya su a hannu ya ce, "Ɗan nan, me za ka yanka da wannan ɗan abu?"

Na ce, "Baba, noti zan yi na itace."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce shi dai a zamaninsa ya ga an yi wa itace ƙota, ya ga an yi masa turmi, bai ga an yi masa noti ba, amma kawo mu gani.

Gawayin ƙirya da maƙeran gida ke so ba ya samuwa a nan yadda ya kamata, don haka yana haɗawa da ɓawon ƙwarar manja, kamar yadda maƙeran Yarbawa ke yi. Wutarsa zafi gare ta. Ya gasa magagaran har suka yi ja jawur, ya binne su cikin toka mai zafi, ya ce in dawo gobe. Hucewa a hankali ita ke sassauta ƙarfen har zarton ƙarfe da wani magagarin su iya cin sa. Shi da ido yake gane zafin ya kai. Ni da ba ni da idonsa, maganaɗisu nake kai wa kusa: ƙarfe na daina kama shi wajen digiri 770, an ƙara ɗan zafi kaɗan a kan haka ya isa.

Bakin taf ba wani abin wahala ba ne. Ɗan falle ne mai kaurin magagarin, an fere kansa ya yi tsini mai kusurwa 90, an ɗan zaftare bayansa don gaban kaɗai ke taɓa itace. Ba yanka yake yi ba, kankara yake yi. Bayan na gama siffanta shi, Baba ya sake gasa shi ya tsoma a mai, ya goge gefe ɗaya ya yi fari, sannan ya ɗora shi nesa da garwashi yana kallo. Da launin busasshen kara ya hau kan tsinin, wajen digiri 220 zuwa 230 ke nan, ya sake tsomawa. In aka bar shi ya kai shuɗi, ya yi laushi da yawa ga wannan aiki. In ba a yi wannan gashi na biyu ba kuma, faɗuwa ɗaya ya karye.

Asabar, 22 ga Fabrairu

An yanka noti na farko.

Na huda wa sandar taf rami mai kusurwa huɗu daga gefe zuwa gefe, can gaba da inda tsagar ta ƙare, na zura bakin, na danne shi da ɗan weji na itace. Katakon notin, mai ramin inci 2, na ɗaure shi a jikin firam, da wani katakon banza a bayansa don kada bakin ya ɓantaro gefen ramin wajen fita. Ramin nan dole ya miƙe sak. In ya karkata, bol zai shiga a karkace har abada.

Tafiyar farko tsinin da ƙyar ya leƙo, zane kawai ya yi. A dawo da sandar baya, a ɗan ƙwanƙwasa gindin bakin da ƙaramar guduma, a sake shiga. Kowace tafiya abin da take ci bai kai rabin milimita ba. Hannu ne ke faɗa maka gaskiya: a kowane zagaye akwai wuri biyu da sandar ke tafiya sumul, da wuri biyu da take turjewa, inda bakin ya fuskanci jijiyar itacen gaba da gaba. Nan ne ake samun yagewa. In ka yi haɗama ka turo bakin da yawa, ƙarar ma canzawa take yi, daga shuu zuwa ƙarr, kuma kafin ka tsaya aikin gama ya gama. Na riƙa shafa mai a cikin ramin tsakanin tafiya da tafiya, garin da ke fitowa ya koma danƙo-danƙo, ina kwashe shi da tsohon burushin haƙori. Yayin da ramin ke zurfi, gefen bakin biyu duk suna ci, nauyin juyi na ƙaruwa, sai a rage yawan turowar.

Noti biyu na yanka daga katako ɗaya, da gangan. Na farko na tsaya a kwatan inci daidai. Na biyu na ƙara zurfi da kusan milimita 1, wanda ke nufin ramin haƙorin ya ƙara faɗi. Ina so damina ta raba mini gardama tsakaninsu. Na kuma yanka na uku a kawo mai kauri, shi ne zai zama jikin dayis.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ya yi nisa, ga zafin Maris, ga aikin mutane na kafin Sallah, don haka abin da ake yi kaɗan ne, bayan Asuba kafin rana ta ɗaga. Bakin dayis nake gogewa. Shi ba kankara yake yi ba, yanka yake yi sosai, siffarsa kwari ce mai gefe biyu. Na fitar da ɗan sanda mai kusurwa huɗu daga magagarin da aka sassauta, na kwantar da magagari mai kusurwa huɗu a kan kusurwarsa na ci kwarin da shi. Kusurwarsa dama 90 ce, ba sai an auna ba. Kaifin ta waje ake fitar da shi. Kunnuwan biyu na sama na bar su sun ɗan riga gindin kwarin gaba, don su yanke fatar itacen kafin tsinin ya ɗago ta. Guda biyu nake yi.

Asabar, 12 ga Afrilu

Dayis ɗin katako biyu ne a haɗe. Na ƙasa shi ne mai tiredi a ciki, da hannu biyu a gefe. Na sama murfi ne mai rami sumul daidai kaurin sandar da za a yanka, aikinsa ya riƙe ta a miƙe. Bakin yana kwance a tsakaninsu, cikin wani kwarmi da na sassaƙa a fuskar na ƙasa, da wata ƙofa a gefe inda ɓawon zai fita. Wani ƙarfe mai lanƙwasasshen kai ke danne shi, da noti ta baya.

Duk wahalar dayis a wurin zaman bakin nan take. Tsininsa dole ya zauna a kan layi ɗaya da ƙololuwar haƙorin farko na cikin dayis, domin ramin da ya yanka shi zai hau kan haƙorin nan nan take, haƙorin kuma ya ja sandar ciki. Na gwada da guntayen katakon banza, kuma kowace karkata da alamarta. In bakin bai nutse sosai ba, sandar na shiga ta cije. In ya nutse da yawa, bol ya fito yana lilo, kawunan haƙoransa sun yi kaifi suna marmashewa. In kuwa ya goce sama ko ƙasa, za ta shiga lafiya zagaye ɗaya ko biyu, sannan ta tsaya cak, ka ciro ka ga gefe ɗaya na haƙorin ya yi sheƙi saboda guga. Gyaran da takarda ake yi, falle ɗaya a ƙarƙashin bakin ko a bayansa. Kwalin shayi ma ya yi kauri da yawa a wani lokacin.

Kwatan inci a tafiya ɗaya ya yi wa baki ɗaya yawa a itace mai tauri, shi ya sa manyan dayis na da baki biyu. Na farko na ɗaukar rabin zurfin, na biyu a ɗaya gefen ya kammala. Tun da rabin zagaye ke tsakaninsu, na biyun ya fi na farko nutsewa cikin jikin dayis da rabin tazara, kwatan inci.

Sandar kuma na sa mai tona ya rage mata milimita 2 daga inci 2 da rabi. Hakan na barin kan kowane haƙori da ɗan fili mai faɗin milimita 2 maimakon tsini. Tsinin ba ya ɗaukar nauyin komai, karyewa kawai ya iya.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Guntun dantan da nake aunawa bai gama sauka ba tukuna, don haka bol na farko daga ƙafar tsohon bencin nan ya fito. Na jiƙa sandar kwanaki a cikin bututun roba da aka toshe gindinsa, cike da man linsid na masu fenti. Man na tausasa jijiyar, ya sa ta yanku maimakon ta tsage. Tsumman da aka goge wannan mai da shi kada a dunƙule shi a jefa lungu, yana iya ɗaukar zafi da kansa ya kama wuta. A shanya shi a buɗe ko a jefa cikin ruwa. A shagon da ke cike da garin katako wannan ba abin wasa ba ne.

Na ɗan fere kan sandar, na kafa ta a tsaye, na ɗora dayis, na danna ina juyawa. Zagayen farko ne kawai ke son dannawa. Da haƙorin ciki ya kama, sai juyi zalla. Ɓawon ya riƙa fitowa ta ƙofar gefe dogo bai tsinke ba, kamar taliya 'yar murji, yana naɗewa a ƙasa. Yarona ya ce, "Maigida, wallahi ya yi!" Na ce ya riƙe sandar dai tukuna. Ba a tsayawa a koma baya a tsakiya in ba dole ba, wurin tsayawar na barin tabo. Da aka kusa kan bol ɗin, inda aka bar shi da kauri don ramin hannu, murfin ya tokare. Na kwance shi na ƙarasa sauran zagayen ba murfi, tun da tiredin da aka riga aka yanka ya isa ya riƙe hanya.

A noti na farko ya shiga daram, babu motsi ko kaɗan, abin sha'awa. A na biyu yana ɗan kaɗawa. Duk wanda ya shigo shagon na farkon yake yabawa.

Na ɗaura shi a benci da na biyun. Da hannu mai tsawon ƙafa 1 daga tsakiya, tafin hannunka na yin tafiyar inci 75 kafin bakin bayis ya matsa rabin inci, wato ninki 150 a lissafi. Guga na cinye kaso mai yawa, amma abin da ya rage ya isa ya lotsa obece. Gugar nan ce kuma ke hana shi kwancewa da kansa, saboda hawan tiredin wajen digiri 4 ne kawai.

Asabar, 14 ga Yuni

An yi Babbar Sallah ranar 6 ga wata, ruwa kuma ya sauka sosai, kwatocin Agege sun cika sun tumbatsa. Notin da kowa ke yabo ya kama bol ɗinsa ƙam. Mutum biyu sun kama hannu, bai motsa ba. Mai lilon nan kuwa yanzu ne ya zauna daidai, yana juyawa da yatsa biyu.

Dalilin yana da kyau a fahimce shi, don ba kumburin kauri kaɗai ba ne. Itace na shan laimar iska yana kumbura, amma ba daidai ta kowane gefe ba. Ta tsawon jijiya kusan ba ya motsi. Ta faɗi yana motsi, kuma ta bin zoben shekara yakan yi kusan ninki biyu na abin da yake yi daga zuciya zuwa ɓawo. Shi ya sa sandar da aka fere da'ira take komawa mai ɗan faɗi ta gefe ɗaya. Na sa ma'aunin kauri na makanikai na ga hakan a bol ɗin, ramin notin ma haka. Dalili na biyu, wanda ba a cika lura da shi ba: tazarar haƙoran bol tana bin tsawon jijiya, don haka tana nan yadda aka yanka ta. Ta noti kuwa a kan kaurin katako take, wanda ke kumbura. Da damina haƙoran noti na ɗan nisanta da juna, na bol ba su motsa ba. A haƙori ɗaya bambancin ba komai ba ne, amma yana taruwa. Noti mai kauri sosai, mai haƙora da yawa, ya fi saurin cijewa. Na tsayar da nawa a inci 2 zuwa 2 da rabi, haƙori 4 ko 5, kuma ƙarfinsu ya wadatar.

Iskar da laimarta ta kai kashi 80 cikin 100, wadda ita ce abincin Legas da damina, tana barin itace da ruwa wajen kashi 16. In laimar ta sauka zuwa kashi 20, kamar yadda ake gani a Kano da hunturu, ruwan itacen na komawa ƙasa da kashi 5. Awon da ya yi daidai a Sabon Gari ba zai yi a Agege ba, kuma kafintan da ya yanka bol a nan da rani ya matse shi don a yaba, ya sayar wa mutum abin da zai kulle a Yuni. Daga yanzu ƙarin milimita 1 ɗin nan ya zama ƙa'idar shagon. Na zana alama a jikin bakin taf inda ya kamata ya tsaya. Na kuma ba wani direban da ke kawo kaya kasuwar Mile 12 bol da noti guda ya kai wa ƙanena a Kano, ya ajiye su har hunturu mu ji yawan lilon da za su yi.

Asabar, 5 ga Yuli

Wata dattijuwa mai awara a layinmu ta ga bayis ɗin ta ce, "Malam, wannan abin naka ba zai matse mini awara ba? Duwatsun nan sun gama da bayana." Na ce, "Inna, zai yi, a ba ni mako biyu." Dantan ya daina sauka a sikeli, don haka da shi na yanka mata.

Firam ne mai ginshiƙi biyu, notin a jikin katakon sama, bol na sauka ya danna faranti na katako a kan ƙunshin awarar. Ban bar kan bol ɗin ya taɓa jiƙaƙƙen ƙyallen ba. Akwai wani guntu mai ɗan gurbi a tsakani, kuma ruwan ta ƙasa yake tsiyaya, nesa da tiredin. Man linsid na masu fenti akan zuba masa sinadaran busarwa, bai dace da abin da za a ci ba. Nata da man gyaɗa na jiƙa shi don yanka, na goge tas, sannan na shafe haƙoran da kakin zuma da aka narka da man kaɗanya. Na roƙe ta kada a wanke bol ɗin da ruwa, a goge kawai, kuma a sassauta shi in an gama. Ta ce awarar na fitowa da ƙwari ɗaya daga gefe zuwa gefe, ba kamar ta dutse da ke danne tsakiya ba. Ƙorafinta ɗaya, ya yi mata girma.

Gaskiyarta. Inci 2 da rabi na benci ne. Na fara zanen ƙaramin saiti: kauri inci 1 da rabi, haƙori 3 a inci, ramin noti milimita 30. Baki ɗaya zai ishe shi. Abin da ke gabana shi ne tsagar jagora, domin a tazarar sulusin inci itacen da ke tsakanin tsaga da tsaga ya yi siriri, kuma ta babban taf ɗin ma ta fara ɗan faɗi inda ƙarfen ke gugarta. Zan fere wannan sashe na sabuwar sandar da kauri fiye da sashen da ke shiga rami, in sake lissafin takardar a kan sabon zagayen, tazarar dai ba za ta canza ba. Na aika a nemo mini guntun busasshiyar kanya daga gida. In ta iso kafin ƙarshen wata, da ita zan yi.